TARIHIN HANYARMU: MARAƊI, ƊAN ISA, JIBIYA

 

A wannan fitowa za mu yi magana bisa hanyar da kowanenmu ya biyo ranar da ya baro gida, wato hanyar da ta tashi daga Maraɗi, ta bi ta Ɗan Isa, ta kai iyakar Nijeriya. A takardun gwamnati sunanta Hanyar Ƙasa lamba 9, ko RN 9. Mu kuwa hanyar Jibiya muke ce mata, tsofaffi su ce hanyar Katsina. Gajera ce, tsawonta wajen kilomita 50. Wanda ya shiga mota a Wadata ya sha kilomita wajen 660 kafin ya kai Maraɗi, in ya hau wannan ɗan guntu gani yake ya riga ya iso ƙofar gida. Amma in anka bi tarihinta, za a ga abincinmu da kuɗin lanhonmu da zumuntarmu sun daɗe rataye gare ta. Duk lokacin da take buɗe, tukunya na tafasa a garuruwanmu. Duk lokacin da anka rufe ta, mun ji a jikinmu. Abin da muke so mu nuna ke nan, da shekaru da sunaye, don yaran da anka haifa a Bukoki da Talaje su san hanyar da iyayensu ke yawan zance.

1. INDA TA BI

Hanyar tana rabuwa da babbar hanya lamba 1 a Maraɗi, ta ratsa gari, ta miƙa kudu. Mai tafiya Jibiya yana da Gulbin Maraɗi a hannunsa na dama tun daga farko har ƙarshe. Ba ta sauka cikin fadama ba, tudu take bi, domin fadama da damina ba ta da amana.

Gulbin nan shi ne uban hanya. Daga Nijeriya yake fitowa, inda ake kiransa Gada. Ya wuce Jibiya, ya shigo ƙasarmu, ya bi ta Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, sa'an nan ya sake komawa Nijeriya ya zuba cikin Rima. Da damina kaɗai yake gudu, amma ko da rani ruwa na kusa a ƙarƙashin yashinsa. Inda ruwa ke kusa nan ake gina rijiya, inda rijiya take nan gari ke zama, kuma ayari daga rijiya zuwa rijiya yake yada zango. Tun kafin injiniya ya zo da ma'auninsa, jakai da raƙuma sun riga sun shata masa layi.

In an fita Maraɗi, sai ƙasar Jiratawa, mai lambuna da gonakin ban-ruwa, inda zogale da tumatir da tattasai ke fitowa zuwa kasuwanni. Gaba kaɗan, wajen kilomita 15 daga gari, sai Danja. A nan ƴan mishan na SIM sunka buɗe likitar masu ciwon kuturta a shekarun 1950, a 2012 kuma anka ƙara sashen mata masu yoyon fitsari. Daga yamma da hanya Madarunfa take, da tabkinta da kaburburan waliyyai 99 da ake kai wa ziyara. Daga nan sai Ɗan Isa, inda duwan ke duba kaya. Garin yana cikin ƙasar Madarunfa, kuma dokar 2002 ta mai da shi komin mai magajin gari. Bayan Ɗan Isa sai iyaka, sai Magama, sai Jibiya mai kasuwar Lahadi. Daga Maraɗi zuwa birnin Katsina duka-duka wajen kilomita 90 ne. Ku lura da wannan lissafi: Katsina ta fi kusa da mu sau bakwai bisa ga Yamai.

2. KAFIN NASARA

Kakanninmu ba su san iyaka a wannan wuri ba. Maraɗi da ƙauyukan gulbi ƙasar Katsina ne. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi a 1804, wajen 1807 kuma birnin Katsina ya faɗa hannun mutanen jihadi, Ummarun Dallaje ya zama sarki. Gidan tsohuwar sarauta sunka ja da baya zuwa Ɗankama, anka ci su da yaƙi a can, sarkinsu Magajin Halidu ya mutu. Waɗanda sunka tsira sunka naɗa Ɗan Kasawa. Ya yi zaman hijira a ƙasar Damagaram, har wajen 1819 mutanen gulbi sunka yi wa wakilin Fulani tawaye, sunka kira shi. Ya zo ya zauna Maraɗi. Dalili ke nan har yau sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa.

Daga ranar nan Katsina ta zama biyu, hanyar da ke tsakaninsu ta zama ta mahaya da masu baka. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci taron Gobirawa da Katsinawan Maraɗi a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda sunka faɗi. Bayan wannan ne Gobirawa sunka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Ɗan Mari ya ci gaba da yaƙi, daga baya Ɗan Baskore, wanda ya yi fiye da shekara 20 bisa gado, ya kewaye Maraɗi da ganuwa, ya riƙa kai hari kudu kusan kowane rani. Su ma na kudu suna ramawa.

Talakan da ke tsakiya shi ya biya kuɗin wannan gaba. Garuruwa sunka watse, gonaki sunka koma kurmi, daji mai faɗi ya tsaya tsakanin Katsina biyu. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, ya ratsa gabashin wannan daji a Janairun 1851, daga Tasawa ta Gazawa zuwa Katsina. Ya ga kufan Ɗankama da idonsa, ya kuma ga yadda matafiya ke haɗuwa su yi yawa kafin su shiga dajin, don tsoron mahara. Duk da haka fatauci bai mutu ba. Gishiri da kanwa na sauka kudu, tufafi da goro na hawowa arewa. Da yawa daga garuruwan da ke bakin kwalta yau, sai da ƙura ta lafa sannan anka sare daji anka kafa su, ko anka koma bisa kufansu. Kowa ya tambayi tsohon gidansu daga ina kakansu ya taso, zai ji sunan wani gari na ƙasar Katsina, ko Gobir, ko Zamfara.

3. YADDA IYAKA TA YANKE TA

Iyakar da muke tsayawa a gabanta yau a Turai anka shata ta, kuma sau huɗu anka taɓa ta. A 1890 Ingila da Faransa sunka ja layi bisa takarda daga Sayi, bakin kogin Kwara, zuwa Barwa, bakin tabkin Cadi. A 1898 sunka sake zama, anka ɗora tsinin alƙalami bisa Sakkwato anka zagaya da baka mai nisan mil 100, abin da ke ciki na Ingila. Da Faransawa sunka zo bin rabonsu, sai sunka tarar hanyar da ta rage musu daga Kwara zuwa Damagaram ba ta da rijiyoyi. Sojansu da dabbobinsu ƙishirwa na kashe su. Sunka koma teburi suna neman a matsa musu kudu.

A 8 ga Afrilu 1904 anka daidaita. Faransa ta saki wani tsohon haƙƙin kamun kifi da take da shi a gaɓar tsibirin Ter-Nev, can wajen Kanada, ita kuwa Ingila ta sakar mata wasu yankuna a Afirka, har da wannan ƙasa tamu mai ruwa. Yarjejeniyar 29 ga Mayu 1906 ta fayyace layin, Maraɗi da Tsibiri sunka faɗa rabon Faransa, birnin Katsina da Jibiya rabon Ingila. Dattawa, ku ji wannan: kifin wani teku da kakanninmu ba su taɓa jin sunansa ba yana cikin abin da ya sa mu muka karanta faransanci a lakwal, ɗiyan baffanninmu na Jibiya sunka karanta ingilishi.

Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila sunka bi ƙasa suna kafa alamu, guda 148 daga Kwara zuwa Cadi, anka sa hannu bisa aikinsu a 1910. Tun daga nan bakin mutane ya samu sababbin sunaye biyu, ƙasar Faranshi da ƙasar Ingilishi. Layin ya bi ta tsakiyar dangi, wani wuri ma ta tsakiyar gona. Gulbi dai bai fasa gudu ba, masu kai amarya ma ba su fasa ba. Zumunta a ƙafa take.

4. ZAMANIN GUJIYA DA AIKIN TILAS

Abin da ya mai da turbar jakai hanyar mota, gujiya ce, wadda na kudu ke kira gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Masana'antun mai da sabulu na Turai na neman gujiya ido rufe, ƙasarmu kuwa mai jigawa ce da ruwan sama daidai da ita. Nasara ya ɗora lanho, ya ce da kuɗi za a biya. Manomi ba shi da inda zai samu kuɗi sai ya shuka abin da kanti ke saye. Haka gujiya ta shiga gonakinmu.

Kamfanoni irin su CFAO da SCOA sunka buɗe kantuna a Maraɗi, sunka kafa sikeli a kasuwanni, sunka ba ƴan ƙasa jari su sayo musu. Ina za a fitar da kayan? Teku na nesa ta kowane gefe, amma tashar jirgin Kano wajen kilomita 260 ce kawai daga Maraɗi. Sai buhuna sunka bi hanyarmu, da fari bisa raƙuma da jakai, daga baya cikin kamiyo, zuwa Katsina, zuwa Kano, jirgi ya kwashe zuwa Ikko. Babban birnin mulki ya tashi daga Damagaram ya koma Yamai a 1926, amma cinikin Maraɗi kudu ya ci gaba da fuskanta.

Kamiyo ba ya tafiya cikin yashi. Sai an sare itace, an tone kututture, an zuba jar tsakuwa an daɓe. Wa ya yi wannan aiki? Kakanninmu, kuma ba da son ransu ba. Dokar Nasara ta ɗora wa kowane baligi kwanakin aiki a shekara ba lada. Kumandan ya aika wa sarki, sarki ya aika wa mai gari, gardi ya zo da bulala ya tasa mutane. Da kwando bisa kai anka ɗauko tsakuwar, kowa da guzurinsa daga gida. Bayan kowace damina ruwa ya yanke hanya, a sake kiran mutane. Wanda ya ƙi, kumandan na da ikon ɗaure shi ba tare da alƙali ba.

Ga abin mamaki: hanyar da anka tilasta musu ginawa, gefenta sunka bi sunka gudu. In lanho ya yi nauyi, ko anka zo ɗibar soja, ko aikin tilas ya yi yawa, sai gida sukutum, wani lokaci unguwa guda, su tashi da dare su kwana ƙasar Ingilishi. Wasu sun komo, wasu jikokinsu na can har yau. Daga 1940 zuwa 1942, lokacin da masu mulkin Dakar sunka bi gwamnatin Vishi, Ingila ta zama abokiyar gaba, anka tsare iyaka, tufafi da kayan kanti sunka yi wuya. A nan mutanenmu sunka ɗanɗana rufin iyaka.

A 1945 ruwan gulbi ya cinye tsohon birnin Maraɗi da ke cikin fadama, anka tashi gari anka mai da shi bisa tudu, inda yake yanzu, da titunansa miƙaƙƙu. A 11 ga Afrilu 1946 majalisar Faransa ta soke aikin tilas, da dokar da ke ɗauke da sunan Ufuwet-Bwanyi na Kodebuwa. Wanda duk ya hau wannan hanya ya kamata ya tuna da waɗanda sunka daɓe ta kafin wannan rana.

Faransawa ba su ji daɗin ganin gujiyar ƙasarsu na wadata jirgin Ingila ba. A 1953 sunka ƙago wani tsari da sunka kira Irondel, wato tsattsewa, don a karkata kaya yamma, ta Doso da Gaya zuwa Paraku, jirgin Dahomai ya kai Kwatano. Tafiyar mota ta kusan kilomita 1000 ke nan maimakon 260, sai da tallafin gwamnati ta yiwu. Wannan yunƙuri ne na juya wa hanyarmu baya da gangan. Ya rage mata buhunan kamfani, bai hana ta mutane ba.

5. BAYAN MULKIN KAI

Nijar ta samu mulkin kai a 3 ga Agusta 1960, Nijeriya a 1 ga Oktoba. A 1962 gwamnati ta kafa SONARA ta karɓi cinikin gujiya daga hannun kamfanonin Turawa. Direbobin wancan zamani suna da wani aiki da na yau ba su sani ba. Mu dama muke bi, Nijeriya hagu take bi irin na Ingila, saboda haka kowace mota in ta kai iyaka sai ta sauya hannu. Sai a 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma dama. A 1 ga Janairu 1973 kuma naira ta maye gurbin fam da sule.

Farin 1973 da 1974, da ciwon da ya faɗa wa shuka a 1975, sunka karya gujiya. Manoma sunka koma ga hatsi da wake, daga baya aya da riɗi. Da hanyar ta gujiya ce kaɗai, da ta mutu a lokacin. Sai ga shi lokacin ne ta fi cika. Yaƙin Biyafara, daga 1967 zuwa 1970, ya dagula hanyoyin Arewacin Nijeriya zuwa teku, ƴan kasuwar Maraɗi sunka samu ƙofa. Bayan yaƙi kuɗin fetur ya cika Nijeriya, gwamnatinta kuma ta hana shigo da wasu kaya don ta kare masana'antunta. Sai a sauke kayan a Kwatano ko Lome, a biya wa Nijar kuɗin ratsawa, a tara su a Maraɗi, su ƙetara kudu: taba sigari, atamfa, daga baya shinkafa da gwanjo. Da wannan ciniki Alhazan Maraɗi sunka yi suna, har wani mai bincike Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1986.

Mu na ƙauye rabonmu ƙarami ne, amma da shi muke rayuwa. Muna kai wake da aya da awaki, musamman jar akuyar Maraɗi da fatarta ta yi suna a duniya. Muna komowa da masara da garin rogo da taki da kwano da siminti. Samari na dako, na kabu-kabu, na sayar da fetur a kwalba, wanda muke kira ruwa-ruwa. Da kaka ta wuce kuma, ƴan ci-rani su bi ta zuwa Katsina da Kano da Ikko.

6. SHEKARUN RUFEWA

A 1971 ƙasashen biyu sunka kafa hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a nan Yamai. A 1975 anka kafa CEDEAO, a 1979 ta yarda kowane ɗan ƙasashenta ya shiga ko'ina ba biza. Takarda ta faɗi haka. Ga abin da hanya ta gani.

A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takardu. Motoci cike da ƴan uwanmu da tabarminsu sunka riƙa sauka a Ɗan Isa da Maraɗi.

A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyakoki ta sake kuɗi. Shekarar nan damina ta ƙi. Masarar da ta saba hawowa ta tsaya, dabbar da ta saba sauka ta rasa mai saye. Yunwar da ta biyo baya, mutanen ƙasar nan El-Buhari sunka sa mata suna. Ba a buɗe ba sai Maris 1986.

A 2005 hanya na buɗe, amma tsada ce ta rufe ta ga talaka. Bayan fara da ƙarancin ruwa na 2004, farashi ya hau a manyan kasuwannin Nijeriya irin Dawanau ta Kano, abinci ya bi inda kuɗi yake. Jahar Maraɗi, wadda ake kira rumbun ƙasa, ita ta fi jin jiki. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar a shekarar, mafi yawansu a jaharmu.

A Agustan 2019 Nijeriya ta sake rufewa, don hana shigar shinkafa da fitar fetur. A Disamban 2020 ta buɗe Illela da Maigatari, ƙofar Jibiya kuwa sai Afrilun 2022. Ba a daɗe ba, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta sa takunkumi, anka sake rufewa, har Maris 2024.

Me ya sa rufin iyaka ke zama yunwa gare mu? Lissafin ba wuya. Da kaka muna sayar da wake da dabba kudu mu samu kuɗi. Da bazara da tsakiyar damina, in rumbu ya yi ƙasa, muna sayen abincin da ya hawo daga kudu. In anka rufe, kuɗin akuya ya faɗi, kuɗin tiya ya hau, duka a lokaci guda. Kuma rufewa ba ta hana wucewa, tsada take ƙara mata. Kaya su bar kwalta su bi daji bisa babur, kowane shinge a ajiye wani abu, mai saye a ƙauye shi ke biyan duka. Babban ɗan kasuwa na da jarin da zai jira. Mai akuya biyu ba shi da shi. Mu ma na Yamai mun sani, domin a irin waɗannan shekaru ne saƙon gida ke yawaita, abin da muke aikawa kuma ya kasa kai wata.

Wasu abubuwa biyu sun ƙaru a zamaninmu. Tun 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina sun shigo jahar Maraɗi, satar shanu da satar mutane sun addabi ƙauyukan iyaka da gefen dajin Baban Rafi. Matafiyi ya koma duba rana kafin ya kama hanya, kamar a zamanin Barth. Na biyu, zinariya ta bayyana a ƙasar Ɗan Isa a 2021, samari sunka kwararo daga ko'ina. A 7 ga Nuwamba na shekarar ramuka sunka rufta a Garin Liman, aƙalla mutum 18 sunka rasu. Allah shi jiƙansu.

7. ABIN DA KE GABANMU

Ruwan gulbi ma yanzu da shawara yake zuwa. Nijeriya ta gina madatsa a Jibiya, kuma a 1990 ƙasashen biyu sunka sa hannu a Maiduguri bisa yadda za a raba ruwan gulaben da sunka haɗa su, har da namu. Masu lambu a fadama sun san abin da wannan ke nufi.

Sai maganar jirgi. A Fabrairun 2021 anka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kamfanin Mota-Engil ke aikin. Daga Jibiya zuwa Maraɗi babu inda dogo zai bi sai ƙasar Madarunfa, wato gonakinmu. Jirgin da kakanninmu sunka kai wa gujiya Kano bisa jaki, yau shi ke nufo mu. Alheri ne, amma a buɗe ido. Kamiyo na tsayawa a kowane gari, direba ya ci tuwo, ya sayi rake, ya ɗauki fasinja. Jirgi sai tasha. Garin da ba shi da tasha zai ji kukansa kawai. Kuma ranar da za a auna gonaki don biyan diyya, mai takarda za a fara saurara.

Saboda haka muna roƙon ƙungiya abu uku.

Na farko, gonaki. Dokar ƙasa ta karkara ta 1993 ta kafa hukumomin filaye, waɗanda ake kira COFO, a gari da komin. Suna ba da takardar shaidar gonar gado. Da yawa daga cikinmu mun bar gona hannun ƙane ko ɗan baffa, da baki kawai. Duk wanda zai je gida da kaka, shi zauna da ƴan uwa da mai gari da maƙwabtan gona, a yi takarda tun ana shiri. Rigakafi ya fi magani.

Na biyu, takardun mutum. Nijar ta fita CEDEAO a 29 ga Janairu 2025. Ko da ana wucewa, kada ɗanmu ya nufi iyaka ba katin ɗan ƙasa a aljihu. A yi wa yara takardar haihuwa, na nan da na gida.

Na uku, ga iyayenmu dattawa. Abin da munka rubuta a nan na littafi ne, shekaru da sunayen manya. Littafi bai san sunan rijiyar da ayari ke sauka ba, bai san wace kuka ce zangon masu jakai ba, bai san wa ya ɗauki tsakuwa daga garinmu ba, ko wane gida ne ya tashi da dare ya bar tukunya bisa murhu. Ku kun ji daga bakin waɗanda sunka gani. Da tsohuwar zuma ake magani. Mu malaman lakwal da ke cikin ƙungiya mun ɗauki alkawarin zuwa da takarda da alƙalami duk inda kunka ce mu same ku, a Katako ko a gida, bayan sallar la'asar ko ranar hutu. Abin da kunka faɗa za mu buga shi a fitowa ta gaba, gari bayan gari, daga Maraɗi har iyaka, da sunan wanda ya faɗa in ya yarda.

Allah shi jiƙan waɗanda sunka daɓe wannan hanya da hannunsu. Allah shi kiyaye masu binta dare da rana, shi bar ta buɗe, shi ba mu damina mai albarka. Amin.

Naku, ɗanku malamin lakwal, a madadin masu shirya takardar ƙungiya, Yamai.